Garin da Muttaƙa Ya Bayar

Garin Manzo, ta wajen Yekuwa

Zuwa ga 'yata Hafsat, a lise, makarantar sakandare ta Magariya.

Bayan gaisuwa da fatan karatu na shiga. Mu lafiya lau, sai rijiya. Wayata ta mutu, sai ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji uku na yi mushe, malaminmu, ya ce gero ya fi bukatata.

Kin tuna da hutu, da kika kunna mana gurup ɗinku na waya, na masu son tatsuniyar allolin ƙarya da matsafa, astagfirullah? Wani mai kiran kansa Matsafin Tudu ya jefo kacici-kacici da murya kamar daga cikin tulu: "Ba a haife shi ba, ba a binne shi ba, inda ya dogara sandarsa ruwa ya gudu. Wane ne?" Kika miƙo mini waya. Na ce rani, ya ce a'a. Na ce surukata, majalisa ta kwashe da dariya. Ya ce to in ba shi gari, yadda ake yi in an kasa. Mai hankali Kano yake bayarwa, ko Yamai. Ubanki ya ce ya ba shi Garin Manzo, har da awakinsa. Mutumin ya ce, "Na karɓa."

To, rijiya ta koma laka. Awakin Kellu maƙwabciyarmu na mutuwa. Kowa ya tuna da wannan "na karɓa". Ki ce wa abokin naku ya maido mana gari da muryarsa, in ari waya in kunna wa mutane.

Ubanki, sarkin kyauta,
Muttaƙa

*

Magariya

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna da yara.

Baba, wasa ne. Ɗalibi ne a Yamai, cikin kofi yake magana don muryar ta yi kauri. Ya fita gurup tun tuni, lambarsa ba ta shiga. Amsar ita ce Marzugu, matsafin farko na tatsuniyar, wanda alloli suka koro daga sama. Babu shi ko'ina sai a littafi. Ka faɗa musu amsar, ai wanda ya ci ba ya ba da gari. Rijiyar nan kuma duk bazara haka take yi.

Don Allah ka daina raha a kan maganar nan.

'Yarka,
Hafsat

*

Hafsat,

Gaisuwa mai yawa. Na bi shawarar masu ilimi.

Bayan la'asar na miƙe a majalisa na ce na samo amsa, gari ya dawo hannu. Na faɗi sunan. Tsofaffi ba su ji ba, na sake ɗaga murya har da ɗaga sandata, don a yi dariya. Ba a yi ba. Hamisu mahauci ya ce, "Muttaƙa, wa ya sanar da kai sunansa?" Na ce littafi. Ya ce, "Kai da littafi?" Nan kam ya yi gaskiya.

Washegari zazzaɓi ya kama ɗan Kellu. Cewa ake da farko na ba da gari, yanzu kuma na kira mai shi ya zo ya ɗauka. In na wuce, mata na janye yara daga inuwata. Innarki ta je rijiya aka kwance mata guga. Na ce wa maigari in da ni maye ne, da na fi haka ƙiba. Ƙasa ya duba.

Ki yi mana addu'a.
Ubanki

*

Hafsat,

Sallama. Yaron ya rasu da safe. An yi jana'iza ba a kira ni ba. Yanzu maza na zaune ƙofar maigari, daga nan ina jin muryoyinsu, ba na jin abin da suke cewa.

Kada ki zo. Ki tura kawunki Abdullahi da amalanke ya kwashe innarki da ƙannenki. Ni zan tsaya, in na gudu sun ce gaskiya ne.

Na nemi abin dariya in rufe miki takarda da shi, ban samu ba.

Allah ya yi miki albarka.
Muttaƙa