Ina So In Adana Cibiyar Jaririna Don Zaituna

Hajiya Rekiya, bayan gaisuwa da fatan alheri, don Allah ki taimake ni da shawara da wuri, domin cikina ya shiga wata na takwas.

Ni matar aure ce a Gwangwan ta ƙasar Rogo. Na yi firamare har aji shida, shi ya sa nake rubuto miki da hannuna. Auren zumunci ne, maigidana ɗan goggona ne, kiwo da noma yake yi. Ɗanmu na fari ya rasu yana shekara uku, hannu da ƙafa duk a kumbure. Sai da muka haifi Zaituna, ita ma ta fara irin wannan, sannan aka gwada jininmu a Kano aka ce sikila ce, kowannenmu yana ɗauke da rabi. Yanzu shekararta tara. In ciwon ya tashi, cewa take in danne mata ƙafa da gwiwa, in danne har hannuna ya gaji, amma ba ya raguwa. Sau huɗu ana ƙara mata jini. Ga ta da kai, ita ke zuwa ta biyu a ajinsu duk da fashin da take yi.

To, ranar Talatar da ta wuce ina tankaɗe da hantsi, rediyo na kunne, sai na ji wani likita yana bayani. Ya ce a ƙasar Turawa an gano cewa jini yana da iri kamar yadda dawa take da iri, kuma irin yana cikin ɓargon ƙashi, yana kuma cikin jinin igiyar cibiyar jariri. Wai akan ɗebo na ɗan'uwa mai lafiya a dasa wa mai sikila, har akwai yaran da suka warke sarai. Suka warke, Hajiya! Wallahi rariyar faɗuwa ta yi daga hannuna. Shekara tara ana ce mini sai dai haƙuri, ba ta da magani. Na rungume Zaituna ina dariya ina kuka, ita kuwa tana tambayata ko shanu ne suka haihu.

Tun ranar ban zauna ba. Na wanke kular da muke zuba fura, na yi magana da wani mai kemis a Karaye da ke da firji, ya ce zai ba ni ƙanƙara. Niyyata in na sauka, a sa cibiyar da mabiyiya a ciki, maigida ya hau mota ya kai Kano.

Matsalar ita ce Goggo, uwar maigida. Ta ce muddin tana raye ba za a fita da mabiyiyar jikanta a kular fura ba, wankewa za a yi a binne a bayan ɗaki kamar yadda aka yi wa kowa. Ta ce wa ya san hannun da za ta faɗa? Kwana biyar ke nan ba ta amsa gaisuwata sosai, alhali ita ce mai goya Zaituna in ciwo ya tashi. Maigida ya rasa bayan wa zai bi. Ni kuwa gani nake in aka binne, maganin 'yata aka binne. Ya zan yi? Kuma ƙanƙarar za ta kai Kano ba ta narke ba?

Taki, Uwar Zaituna, Gwangwan.

Uwar Zaituna, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma murnarki ta kama ni. Na kai ta wurin wata likitar jini a nan Kano, ta tabbatar mini abin da kika ji gaskiya ne. A 'yan shekarun nan an yi wannan dashe a waje, yara da dama sun rabu da cutar. Ki yi farin cikinki, kina da dalili.

Amma ki mayar da kular wurin fura. Jinin cibiya a take ake ɗibarsa, da kayan aiki na musamman, a adana shi cikin sanyin da firji ba ya kaiwa. Wanda ya kwana a ƙanƙara ya lalace. Likitar ta ce har yanzu dashen bai yaɗu a ƙasar nan ba, galibi sai a waje. Ko a can, sai jinin ɗan'uwan ya dace, abin da kan faru sau ɗaya cikin huɗu, kuma aikin yana da haɗari, akwai yaran da ba su tashi ba. Ba na so ki ji rabin labari.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali: irin nan da kike tsoron a binne, yana nan cikin ƙashin jaririn, zai girma tare da shi. In ya dace da Zaituna, ko bayan shekaru ana iya ɗiba. Don haka ki bar Goggo ta yi abin da ta saba. Tsoronta ba shirme ba ne, kuma matar da ke goya miki 'ya ba abokiyar faɗa ba ce. Ki same ta ki ba ta haƙuri.

Aikinki yanzu shi ne ki haihu a asibiti, sannan a gwada jinin jaririn idan ya yi 'yan watanni, domin shi ma yana iya ɗauko cutar. Zaituna kuwa ki riƙa kai ta asibitin masu sikila ko lafiyarta ƙalau, ta sha ruwa da yawa, ta kwana a gidan sauro, kada a yi wasa da zazzaɓi ko na yini ɗaya. Masu bincike suna ta aiki. Naki shi ne ki riƙe ta da ƙarfinta har aikin ya iso mu.

Abu na ƙarshe, wanda ke cikin nan ɗa ne, ba magani ba. Ko ya dace ko bai dace ba, a yi masa suna da murna.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba Zaituna sauƙi mai ɗorewa. Ki gaida Goggo.

Hajiya Rekiya