Maganin da Aka Ƙulla Mini Babu Suna

Zuwa ga Shugaban masu sayar da maganin dabbobi da kaji na kasuwarmu, Gusau.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sau biyu ina zuwa nemanka ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuto a fili. Na san za a yi dariya, a ce magidanci da gemunsa ya zauna rubuta wasiƙa a kan kaza ɗaya. A yi dariyar, amma a karanta.

Kazar ta mahaifiyata ce. Ranar da na ɗauko Inna daga 'Yankuzo ta dawo wurina a Tudun Wada, ta bar tukwanenta da gadonta, amma kazar nan a cinyarta ta zo. Inna ta tsufa, haƙora sun zube, cikinta ba ya karɓar tuwo. Kunu da dafaffen ƙwai ne abincinta. Ƙwan shago kuma ba ta cinsa, wai ƙarni yake mata, sai na kazarta.

Makonni uku da suka wuce kazar ta kwanta. Ta saki fukafukai, ido ya kumbura, tana farin kashi, ta daina ƙwai. Na ware ta a kwando, na share akurki na barbaɗa toka, matata ta jiƙa sassaƙen maɗaci da barkono muna ɗura mata. Kwana biyu ba sauƙi, sai na nufi layinku. Ga abin da na gani, wanda har yau zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Na farko, mai shagon bai tambaye ni ko kazar mai ƙwai ce ba, bai ma bari na gama bayani ba. Ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara, ya ɗebo gari ruwan ɗorawa da cokali, ya ƙulla mini a leda kamar mai sayar da kuka. Ba suna, ba takarda, ba ranar lalacewa. Ya ce in riƙa zuba ɗan kaɗan a ruwan shanta. Ni kafinta ne, ranka shi daɗe. A sana'ata babu awon da ake kira ɗan kaɗan.

Na biyu, ina nan tsaye wani makiyayi ya zo neman maganin maraƙinsa mai zawo. Daga gwangwanin nan aka ɗebar masa, da cokalin nan. Na yi shiru don ina sauri, kuma wannan laifina ne.

Na uku shi ne ya sa ni rubutu. Kazar ta tashi, alhamdu lillahi, ko garin ne ko maɗacin, Allah ne masani. Ta koma ƙwai. Sai maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai kiwon kajin gidan gona, ta ga ƙullin ta riƙe baki. Ta nuna mini bayan takardar nata maganin, inda aka rubuta kwanakin da ba a cin ƙwai bayan an ba kaza. Ta ce wani maganin kwanaki kaɗan ne, wani kuwa ba a ba kaza mai ƙwai shi sam. Nawa wanne ne? Na koma shagon in ji. Zuwan farko mai shagon ya ce ya yar da takardar. Zuwa na biyu ya ce haɗinsa ne na kansa, sirrin sana'a ne. A na uku, yana hango ni ya tura gwangwanin ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya ce tunda kaza ta warke me kuma nake nema.

To ni zargi nake yi, kuma ban ɓoye ba. Mutum ba ya raba magani da takardarsa haka kawai. Ko ya lalace, ko na shanu ne, ko shi ma bai san abin da yake sayarwa ba.

Yanzu ƙwai tara ne a kwano a saman sif, na ɓoye su. Ina tsoron ba tsohuwa mai raunin ciki abin da ban sani ba. Kullum ina ce mata kazar ba ta fara ba tukuna, alhali tana jin kyarkyararta kowane hantsi. Kunu kaɗai take sha, ta rame, wuyanta ya fito.

Roƙona kaɗan ne. Ka sa mutumin nan ya faɗi sunan garin, ko a kai gwangwanin ga likitan dabbobi ya duba. Sannan ka hana mutanenka ƙulla magani babu suna. Ba diyya nake nema ba, kwanaki kawai nake so a faɗa mini in ƙirga.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a kasuwarku, Ya ba ka ikon tsayawa kan gaskiya. Don Allah kada a ce in dawo wani mako. Jiya Inna ta kira ni gefe, ta tambaye ni a hankali ko sayar da ƙwan muke yi saboda nauyinta ya yi mana yawa. Ta ce in haka ne kada in ji kunya, ta yafe.

Wassalam.

Naka,
Wani kafinta a Tudun Wada, Gusau.