Cokalin Yaya Habu

Laraba, bayan isha'i

Yau Yaya Habu ya dawo Kazaure daga Amurka. Wai baƙaƙen fata aka fara sallama daga aiki, sannan hukuma ta taso ƙeyarsa, ko tsarabar Inna babu.

Wancan zuwan nasa, ƙin sa hannu ya yi a kwanonmu, ya ce a ba shi cokali, ba mu san tsafta ba. Ban manta ba.

Ɗazu da aka kawo tuwo, ya wanke hannu ya matso. Na miƙa masa cokali a gaban kowa, na ce, "Ungo, Yaya, kada mu sa maka cuta."

Ya karɓa. Inna ta juya baya tana share hawaye.

Ni kuwa har ƙari na yi.