Ruwan da Muka Zuba wa Maryuri a Ɓoye

Malama Nubia, don Allah ki taimaka mini, kwana tara ya rage mini in miƙa yarinyar da nake riƙo, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

A unguwarmu a Sincelejo kowa ya ɗauka riƙon yaro da mayar da shi ɗanka abu ɗaya ne. Har yau maƙwabta na tambayata yaushe za a sa wa yarinyar sunanmu. Ba za a sa ba. Ni mai riƙo ce, ofishin kula da yara ne ya ba ni ita zuwa ranar da za a sama mata gida na dindindin, kuma na san haka tun da na sa hannu. Shekaruna ashirin da tara, mijina Eulogio ɗan acaɓa ne. An kawo mana Maryuri tana wata takwas, yanzu ta haura shekara biyu.

Jami'ar da ke duba mu sunanta Yadira. Da farko ba na son ganinta. Ba ta sanarwa, sai dai kawai ki ji sallama. Ta buɗe firiji, ta duba faratan yarinya, ta karanta littafin da nake rubuta abincinta da rigakafinta. Eulogio ya taɓa ce mata, "Ranki ya daɗe, ƙarƙashin gado ne kawai ba ki leƙa ba." Ta ce, "Ɗage zanin gadon mana, ai ka tuna mini." Amma Malama, matar nan ce ta yar da makullai a bayan Maryuri ta lura ba ta waiwaya ba, aka gano kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Ni da nake goya ta kullum ban gane ba. Ita ce ta yi wata biyar tana bin ƙauyuka a bayan babur tana neman dangin yarinyar kafin ta yarda babu mai karɓarta. Ta sha zama a ƙasa da siket ɗinta mai guga tana cin miyar doya da cuku a kwano ɗaya da yarinyar. Ban taɓa ganin mai aiki irinta ba.

Ga laifina. A takardar da na sa wa hannu akwai cewa ba aski, ba fita da ita daga gari, ba wani bikin addini sai da izini. Daminar bara zazzaɓi ya kama ta da rana tsaka, jikinta kamar garwashi. Kafin Eulogio ya zo da babur, surukata Etelvina ta ɗebo ruwa a kofi ta ce, "'Yar nan, ba za a fitar mini da jaririya daga gidan nan ba baftisma ba. Riƙe ta." Kin san yadda ake yi a gida idan ana tsoron yaro ba zai kai coci ba. Na riƙe ta, ta zuba mata ruwan ta yi addu'a. Ke nan ni ce uwar baftismarta. Maryuri ta warke, ban faɗa wa kowa a ofis ba.

Yanzu an zaɓa mata iyaye, wasu malaman makaranta daga Bucaramanga. Yadira ta ce in rubuta musu tarihinta duka, kada in bar komai. Eulogio ya ce in yi shiru, wai ruwa ai ya bushe. Ina tsoron idan na faɗa a cire ni daga masu riƙo, a kuma hana ni kwanakin da zan riƙa miƙa ta a hankali har ta saba da su. Idan na ɓoye kuma, da wane ido zan kalli Yadira?

Mai riƙo daga Sincelejo

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun don jin daɗi kawai. Na yi shekara talatin ina koyarwa, kuma ba kasafai nake ganin wanda ake sa wa ido yana yabon mai sa masa ido ba. Ke da Yadira kun burge ni.

Tsoron mijinki ba shirme ba ne. Kin karya sharaɗi, kuma ba zan yi miki alkawarin za a ƙyale ki ba. Mai yiwuwa a ja miki kunne a rubuce, mai yiwuwa a dakatar da ke na wani lokaci. Ban san abin da za su yanke ba. Surukarki ma ban ga baƙinta ba, ta yi abin da ta ga iyayenta na yi idan yaro ya galabaita.

Amma sharaɗin nan ba don a wulaƙanta ki aka rubuta shi ba. Yaron riƙo yana bi ta hannaye da yawa, kuma idan kowane hannu ya yi masa abin da ya ga ya dace ya yi shiru, zai girma bai san abin da aka yi da shi ba. Iyayen nan za su so kai ta coci, ko kuma addininsu daban ne. Ko wanne ne, haƙƙinsu ne su sani. Haƙƙin Maryuri ne ita ma, ranar da za ta tambaya, ta ji cewa da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita akwai matan da suka ruɗe saboda ita.

Akwai abu ɗaya da ba ki rubuta ba, ni zan faɗa. Ina jin wani ɓangare na zuciyarki yana riƙe da sirrin nan ne don shi kaɗai ne igiyar da ba za a iya kwance miki ba. Ba abin kunya ba ne. Sai dai zama uwar baftisma a ɓoye ba zai kawo miki ko hoto ɗaya ba. Wanda aka sani ne kawai ake iya girmamawa, ko da ba dole ba ne iyayen su yi.

Kada ki bari Yadira ta fara gani a rubuce. Ki je ofis da kanki gobe da safe, ki tafi da katin asibiti na ranar zazzaɓin, ki faɗa yadda ya faru ba tare da jingina wa tsohuwa laifi ba. Ki roƙi abu ɗaya tak: duk hukuncin da za a yi, a bari sai kin gama miƙa yarinyar, domin ita za ta cutu idan aka yanke kwanakin nan. Wannan hujja ce da mai aiki irin Yadira za ta saurara.

Idan bakinki ya yi nauyi, ki gwada tun yau. Ki zaunar da Eulogio, ki faɗa masa kamar shi ne jami'ar, sau uku, har maganar ta zauna a bakinki. Sannan ki ce ya kai ki a babur ɗinsa, ya kuma shiga tare da ke.

Allah ya raya Maryuri, ya ba ki ƙarfin sakin hannunta.

Malama Nubia