Allon Zayyanar Mahaifina da Kuka Ara

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ta shirya baje kolin zanen matasa a birnin Kano,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Hajara Malam Bukar. Matar aure ce ni a wani ƙauye a ƙasar Tsanyawa, ina biya wa mata da 'yan mata karatu a cikin gida. Ban kama sunanka ko na cibiyarka ba, domin ba tozarci ya fito da ni ba, kuma kai ka san da kai nake. Boko ma sai da na girma na koya a ajin manya, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Da an amsa mana a ɓoye, da ba wanda zai ji muryata a fili.

Maganar a kan allo ce. Allon zayyanar mahaifina, wanda mutanenka suka ara bayan kakar bara, har yau bai dawo ba.

Ɗana na fari yana cikin matasan da kuka nuna aikinsu. Ba zan faɗi sunansa ba, kowa ya san kunyar ɗan fari. Ko wannan tsaya masa da nake yi a bainar jama'a, da mahaifiyata na raye da ta ce na yi rashin ta-ido. To, amma abin ya kai inda ya kai.

Na farko, ina so ka san mene ne wannan allo, don na lura a wajenku tsohon katako ne mai kyan kallo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga gabas ya zo da shi bayan ya gama karatu. Itacen aduwa ne, kansa naɗe da jar fata. Da hannunsa ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, da alƙalamin gamba, ya kewaye su da zayyana baƙa da ja da rawaya. Tun daga nan duk wanda ya sauke Alƙur'ani a zuriyarmu, namiji ko mace, wannan allo yake riƙewa ranar sauka ya karanta a gaban malamai. Ni na riƙe shi. Ƙannena sun riƙe shi. Yaron nan ma ya riƙe shi. Da Malam ya rasu aka bar shi a ɗakina, saboda ni ce babba. Ba nawa ba ne ni kaɗai, ajiya ce.

Na biyu, yadda yaron yake aikinsa, don ka san wanda kuke wahalarwa. Tun yana ƙarami, in na ciro allon zan kaɗe ƙura, sai ya zo ya tsuguna yana bin layukan da ido. Da ya yi karatun zane a birni ya dawo, ban saki jiki ba sai da na aika aka tambayo mini malaminmu. Malamin namu ya ce tunda ba surar mai rai yake yi ba, a bar shi ya nemi abincinsa. Gonaki yake zanawa. Yakan hau kan soro da hantsi ya daɗe yana kallon gonakin garinmu, yadda wannan ta manne da waccan, gamba da aduruku sun raba iyaka, kunyoyi sun miƙe wasu sun gicciya. Ya ce mini, Inna, wallahi zayyanar Malam ce aka shimfiɗa a ƙasa. Ni dai gero da gyaɗa nake gani, amma na yarda da shi.

Fentin kanti ya fi ƙarfinsa, sai ya koma wa abin da ke gida. Baƙi, tawadata ce ta zuge da ƙaro. Ja, karan dafi yake jiƙawa, ko ya tankaɗe jar ƙasa da rariyata. Rawaya, saiwa yake haƙowa ya daka mini a turmi, har maigida ya taɓa cin tuwo mai ruwan ɗorawa ya tambaya ko biki ake. Yadin akoko yake ɗaurewa a katako ya shafe shi da sitaci. Da damina yana gona tare da mahaifinsa. Ranar kasuwa yana rubutu a jikin shaguna da bayan motoci, da wannan yake sayen yadi. Samarin gari suna ce masa Malam Shafe-shafe, tsofaffi suna tambayata yaushe zai kama sana'a. Bai taɓa ɗaga murya ba. Da ya ji cibiyarku ta zaɓe shi, ranar nan ko abinci bai iya ci ba.

Na uku, yadda allon ya fita daga hannuna. Mutanenka biyu suka zo ganin aikinsa, wata budurwa mai ladabi da wani saurayi mai ɗaukar hoto. Suka tambaye shi daga ina ya samo wannan salo, ya shigo ya roƙe ni ya nuna musu allon. Da suka gani sai suka ce lallai a rataye shi kusa da zanensa, don masu kallo su ga tushe. Na ce a'a. Budurwar ta shigo har ɗakina ta durƙusa, ta ce, Mama, kamar ƙwai za mu riƙe shi. Maigida ya ce allon gidanku ne, ke za ki yanke. Na dubi yaron, na ga yadda yake murza hula, sai na bayar bisa sharaɗi uku: kada a ajiye shi a ƙasa, kada mai rashin alwala ya taɓa rubutun, kuma ranar da aka rufe baje kolin a dawo da shi. Suka amsa a zaure, a gaban maigida da ƙanensa. Ba mu nemi takarda ba. A wajenmu in mutum ya ce to a kan abin da ke ɗauke da ayar Allah, magana ta ƙare.

Ban je wajen taron ba. A waya ya nuna mini hoto. Na ga an huda allon a kusurwa biyu an kafe shi da bango. Na ce a raina, aƙalla ba a ƙasa yake ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda ɗauke da sunan ɗana, kamar shi ya yi. Ranka ya daɗe, yaron nan ba a haifi uwarsa ba ma aka yi wannan zayyana. Ya ce ya gaya wa ma'aikatanka tun ranar farko, suka ce kuskuren bugu ne, za a gyara. Har aka rufe ba a gyara ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. An rufe baje kolin kafin azumi. An dawo masa da wasu zane-zanensa, babu allo. Ya je, aka ce an wuce da kayan Abuja za a sake nunawa. Bayan ƙaramar Sallah ya koma, aka ce kayan sun dawo suna sito, mai makulli ya yi tafiya. Ya sake komawa, aka ce kana taro. Kowane zuwa sai ya bar aikin kasuwa, ya hau mota tun da safe, ya wuni a bencin ƙofarku, ya dawo da la'asar sakaliya yana ce mini, Inna, sun ce jibi. Jibin nan na ji ta har na daina tambaya.

A zuwansa na ƙarshe wani daga cikin ma'aikatanka ya ja shi gefe, ya ce ya ji kamar wani mai kuɗi ya sayi zanensa guda uku ya haɗa da allon, tunda sunansa ne a jiki. Ban tabbatar ba. Ba zan ɗauki alhakin kowa a kan ji-ta-ji-ta ba, shi ya sa nake tambayarka kai tsaye. Abin da na tabbatar shi ne ba wanda ya kira yaron ya ce masa an sayar da wani abu nasa.

Ka ce me ya hana shi ya tsaya ya yi magana da ƙarfi? An yi masa alkawarin za a sa sunansa cikin waɗanda za a tura horo. Abokan sana'arsa, 'yan'uwansa masu tasowa, sun ce masa ya kama bakinsa, wai duk wanda ya cika tambaya ba a sake gayyatarsa. Su ma kowa da nasa labarin: wannan an riƙe masa zane, wancan an buga aikinsa a kalanda bai sani ba, duk sun haɗiye, domin ƙofa ɗaya ce a gabansu kuma ku ne a bakinta. Ban ga laifinsu ba. Mai nema ba ya fushi. Amma ga shi yaron yana tsakanin uwarsa da ku, ba ya iya kallon kowa. Kaskon tawadarsa ya bushe har ya tsage. Akokon da ya ɗaure tun kafin ruwan farko yana nan jingine fari fat. Ya daina hawa soro. In na shigo tsakar gida sai ya tuna yana da aiki a waje. Ni ban yi masa faɗa ba, da ma na yi, wataƙila da ya fi masa sauƙi.

Na biyar, dalilin da ya sa ba zan ƙara jira ba. Rabi, 'yar ƙanena Malam Sani, wadda take karatu a wajena, ta kai ƙarshe. An sa walimar saukarta bayan babbar Sallah, an aika wa dangi na Gezawa da na Ungogo. Yarinyar nan tun tana izu biyar take tambayata ko ita ma za a ba ta allon Kaka ta riƙe. Mahaifinta ya tambaye ni sau biyu. Na ce yana birni. Ban yi ƙarya ba, amma ban san ko gaskiya na faɗa ba, kuma wannan ne yake hana ni sukuni. Na sani sarai Alƙur'ani ba a cikin katako yake ba. Ko a sabon allo ta karanta, saukarta ta yi. Sai dai amana ce aka bar mini, kuma za a tambaye ni, a nan da can.

Saboda haka ga roƙona, Ranka ya daɗe.

A dawo mana da allon kafin babbar Sallah, ko da hudar da aka yi masa. Mun yafe hudar.

In kuwa da gaske an sayar, a gaya mana gaskiya, kuma a gaya wa wanda ya saya abin da ya saya: ba aikin matashi ba ne, ba kuma na sayarwa ba ne. Ba kuɗinsa muke so ba, ko nawa ne. Yaron ya ce zai yi masa wani zanen a madadinsa, kowane girma yake so. Ina kyautata zaton in Musulmi ne zai fahimta, in ma ba Musulmi ba ne, ai yana da uba.

A cire sunan ɗana daga jikin allon a duk inda aka rubuta. Na ji an ce allon ne ya fi jan hankalin mutane a wajen taron, kuma gyaran zai iya rage masa daraja a idonku. To, ya rage. Gara ya tashi da nasa ko da a hankali ne.

Kada a huce a kansa saboda wannan wasiƙa. Bai san na rubuta ba sai da na gama, kuma ya roƙe ni in bari. In aikinsa ya cancanci horon, a tura shi. In bai cancanta ba, a gaya masa ya san inda dare ya yi masa.

Kafin nan, duk inda allon yake a yanzu, don girman Allah a sa wani mai alwala ya duba. In a ƙasan sito yake cikin tarkace, a ɗaga shi, a naɗe shi da tsumma mai tsarki.

Na hana yaron sake zuwa ofishinka a kan wannan magana. Ba shi ya bayar ba, ni na bayar, ni ya kamata in karɓa. Rabona da birni tun rashin lafiyar mahaifiyata, kuma gwiwata ba ta son mota, amma maigida ya ba ni izini. In watan babbar Sallah ya tsaya ban ji daga gare ka ba, zan zo. Ba zan yi hayaniya ba, ban iya ba. Za a ce maka ga wata tsohuwa a benci, ta ce ba ta gaggawa. In an ce kana taro, zan jira a tashi. In an ce jibi, zan kwana wajen dangi in dawo jibin.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya da abin da aka damƙa maka. Allah ya shirya mana zuriya, ya buɗa wa yaran nan masu zane hanyar abincinsu ta halal, ya haɗa su da masu riƙon amana. Allah ya jiƙan iyayenmu da naka.

Wassalam.

Hajara Malam Bukar,
daga ƙasar Tsanyawa.