Wai Ni Ne Sarkin Faransa

Daren Asabar, 12 ga Rajab, Hindawiyya

Da allura da zare na shigo Jidda. Ba wanda ya kama min, na buɗe shago, na samu iƙama, wato takardar izinin zama, na kafa ƙungiyar telolin unguwar nan a tsakar gidana.

Yau a taro suka tsige ni daga shugabanci. Ilya, mutumin Damagaram da na koya wa yankan jallabiya, ya miƙe wai, "Baba Alhaji, ko Faransawa da suka gaji sun tuɓe sarkinsu. Halas, ya isa haka, a ba wani."

Na ce, "Kai, rage murya! Ka manta ƙasar da kake?"

Ai na san labarin, mun yi shi a sakandare. Yunwa ce ta fito da talakawan Faransa, burodi ya gagare su sarki yana shagali, har suka sare masa kai. Shi kuwa Ilya, gurasata da wakena na bakinsa yake wannan magana! Wace Juma'a suka taɓa barin gidana da yunwa?

Kujera su riƙe. Amma sabon allon da za su liƙa a ƙofa, wallahi sai an rubuta Alhaji Sani Tela ne ya kafa, da manyan baƙaƙe, a saman sunan kowa.