Kwalaben Guron da Ke Ɗakin Babana

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar wanga shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma tun yanzu ina gaya ma masu saurin hannu, waɗanda ba su gama karatu ba sun fara rubuta "Allah ya shirye ki": ban zo neman wa'azi ba. Na san abin da na yi, shi ya hana ni cin abinci. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni 'yar ƙasar Zurmi ce, aure ya kawo ni Kaura Namoda, ni da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Babanmu yana Dauran, ya tsufa, ya ƙi barin gida duk da halin da hanya ke ciki. Haƙoransa sun zube, abin da yake haɗiya da daɗin rai kawai tuwo mai laushi ne da miyar guro, wanda ku mutanen Kano kuke ce ma kuɓewa. Tun rasuwar Innarmu ni ke yanka guro da kaka, in shanya, in daka, in aika mai. Ban taɓa fashi ba. Ban kuma taɓa jin wata godiya ta kirki ba, amma ban damu ba, ubana ne.

Sai ga hajiya ƙanwata, sarkin iyayi, ta ga bidiyo a waya, wai wata Baturiya na cusa wani ganye nasu mai kama da tsiron dawa cikin kwalabe, asfaragos ko mene ne sunansa, tana dafa kwalaben cikin tukunyar ƙarfe mai kulle, a ajiye har shekara. Mu ina munka ga wanga ganye? Sai ta ce ai guro ma zai yi. Ta sa anka sayo mata tukunyar daga Kaduna, furesha suke ce mata, da wani ɗan ƙarfe bisa murfi yana rawa yana huci kamar kububuwa. Na yi dariya har da hawaye. Amma da munka je gida da Sallah anka yi ma Baba miya da guron kwalbarta, ya lashe hannu gaban kowa, har da surukai, ya ce:

"Kai! Wanga guro kamar yanzu anka tsinko shi. Ashe duk shekarun ga ƙasa nika ci."

Ƙasa! Ku ji fa. Guron da nake tsare da shi cikin rana ina korar awaki da ƙudaje, shi ne ƙasa. Ita kuma tana wani sunkuyar da kai tana murmushi, wai kunya. Wa ya yi mata wanka tana ƙarama? Wa ya goya ta har bayana ya ƙage? Tun ranar in na ji hucin tukunyar nan sai raina ya ɓaci.

Bana da kaka ta sayi guro mai yawa, ta wanke, ta cika kwalabe, ta dafa rabi, sai anka aiko surukarta ta rasu a Shinkafi. Ta kwaso sauran kwalaben da tukunyar da gas ɗinta ta kawo gidana a rikice, ta nuna mini yadda ake kullewa da yadda ɗan ƙarfen zai yi ta rawa har lokaci ya cika. Na ce mata ni da nake dafa kwalaben tumatur tun ba ta san aure ba, ita za ta koya mini? Ta riƙe hannuna ta ce:

"Yaya, don girman Allah kar ki sa su a tukunyar tumatur. Tumatur yana da tsami, guro ba shi da. Zafin tafasa ba ya isar shi. Gubar da ke fitowa ciki wani lokaci ko wari ba ta yi."

Tana fita na ture furesharta bayan ƙofa, na ɗora babbar tukunyata kan murhu, na jera kwalaben, na tafasa su da itace yadda na saba. Na ɗan ji tsoron tukunyar tata, gaskiya ne, kar ta fashe mini a fuska. Amma ba shi ne dalili ba, kuma tunda ba ku san ni ba bari in faɗa. A raina na ce in sun yi kyau, na nuna mata iliminta na banza ne. In sun lalace, Baba ya buɗe ya ji tsami, a ga ƙarshen iyayi, ya dawo ma busasshen gurona. Iyakar abin da na hango ke nan wallahi, tsami. Murafun kuwa sunka kama tsaf, ba ka bambance su da nata. Da ta dawo ta tambaye ni, na ce a furesha na yi, har ina yi mata tsiya wai hucin ya kore mini kaji. Anka haɗa nawa da nata a kwali, mijinta da yake direba ne ya kai Dauran.

'Yan kaɗan da kwalin bai ɗauka ba sunka rage wurina. Makon jiya ina shara na ga murfin ɗaya ya kumbura, ruwan ciki ya yi duhu. Na buɗe, ya yi huci, ya yi kumfa. Na watsar bayan ɗaki ina tsaki, kajina sunka taru sunka cinye. Washegari na iske su kwance, wuyansu ya saki, ba su iya ɗaga kai, idonsu biyu suna kallona. Kafin la'asar sun mutu. Innalillahi. Nan na zauna cikin ƙasa. Maigidana ya ce ciwon kaji ne ke yawo, na ce e, shi ne.

Yanzu kwalaben can suna ɗakin Baba. Matar ƙanenmu ke yi mai girki, kuma na san ta, malalaciya ce ta ƙarshe, juye guron take ta ɗan ɗumama tunda a dafe yake. Dauran ba sabis ɗin waya. Mota sai ranar kasuwa, kuma maigidana ba zai bar ni in hau wagga hanya ba sai ya ji dalili. Na gwada dabara, na ce ma mijin ƙanwata ya karɓo mini kwalaben wai za a sake musu murafu. Jiya ya dawo hannu wofi yana dariya. Wai Baba ya ce ba inda za su. Ashe munafukar ta ɗaura ma waɗanda na dafa jan zare a wuya, ta aika ma Baba cewa waɗannan Yaya ce ta yi mai da hannunta. Wa ya sa ta? Na roƙe ta ta gyara tsakanina da ubana? Kullum sai ta nuna ita ce mai hali, ni ce muguwa. Direban ya ce Baba ya ware masu zaren ya tura ƙarƙashin gado, ya hana kowa taɓawa, ya ce guron gona ya ƙare, ranar Juma'a zai fara buɗewa. Kuma ya ba shi saƙo gare ni:

"Ka ce ma babbar ɗiyata na san na ɓata mata rai da Sallah. Nata zan fara ci."

Anti, motar da za ta isa can kafin Juma'a ɗaya ce, ta mijin yarinyar nan, kuma ba zai ƙwace kwalabe daga hannun surukinsa ba sai na faɗi gaskiya. In na faɗa, na durƙusa ma wadda na goya ke nan har abada, dangi su ji, Baba ya ji ɗiyar da ya ba haƙuri guba ta dafa mai don haushi. Na tsani yarinyar nan yau fiye da kullum, na tsani kaina fiye da ita. Akwai wata hanya da za a fitar da kwalaben nan daga ɗakin ba tare da sunana ya fito ba? In babu, ta bakin wa zan fara, nata ko na maigidana? Jibi motar za ta tashi. Me zan yi?